Ajin koyon cin abinci irin na Turawan Ingila a York: ya ci kuɗinsa, amma hannun hagun nan fa?

Wai da gaske akwai wanda zai ɗauki fam 100 da 'yan kai ya miƙa wa wata tsohuwa dan kawai ta koya masa yanda ake riƙe cokali? Eh akwai, gani nan, kuma ban ji ciwon kuɗina ba duk da dai akwai inda suka ɓata min rai sosai, shi yasa ma bazan kama sunan otal ɗin ba. Ajin koyon ladubban cin abinci ne irin na Turawan Ingila, ana yinsa ranar Asabar a wani tsohon otal cikin ganuwar York, a fara da hantsi a tashi da yamma lis, kuɗin ya haɗa da abincin rana mai zuwa kashi-kashi da kuma shayin yamma, kuma a kan abincin ake darasin, kana ci ana gyara maka. Koyarwar zan ba ta tauraro huɗu cikin biyar, kicin ɗinsu kuwa ko biyu na basu wallahi alfarma na yi musu.

Abin da ya kai mu, ni da wata antina da muke aiki tare a Leeds, liyafar ƙarshen shekara ce ta wurin aiki, irin wadda ake rubuta sunan kowa a ɗan kati a ajiye gaban kujerarsa. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan tebur ya san me nake nufi, yunwa na cinka amma ka kasa taɓa komai sai satar kallon na kusa da kai kake, shi ma ashe kai yake satar kallo. Na ɗauka baƙi irinmu zamu cika ajin, ashe fiye da rabi Turawan ne da kansu, wasu samari da suka gama karatun lauya za su fara aiki, wani bawan Allah da zai auri 'yar manyan mutane yana tsoron surukai, sai wasu mata da miji 'yan Cana. Wannan kaɗai ya sanyaya min zuciya. Mutumin Ingila na yau da kullum a kan kushin yake cin abincinsa gaban talabijin, dokokin nan na ranar biki ne da liyafar ofis da cin abincin dare na kwalejojin Oxford da Cambridge da Durham inda ake saka alkyabbar karatu a yi addu'a da Latin kafin a zauna, kuma su kansu da su suke auna juna su gane wane ɗan gidan wane ne.

Tebur ɗin da muka tarar kamar an zazzage zabirar wanzami, wuƙaƙe jere a dama, cokula masu yatsu jere a hagu, wasu biyu a kwance ta saman faranti, kofunan gilas kala-kala. Madam ɗin, wata dattijuwa ce siririya mai farin gashi da ta ce ta daɗe tana shirya liyafa a manyan gidaje, cikin minti kaɗan ta warware abin. Daga waje ake farawa a shigo ciki, shikenan. Na can gefe na abincin farko ne, na kusa da faranti na babban abinci, biyun da ke sama na kayan zaƙi ne. Ƙaramin farantin burodi naka shi ne na hagunka, kofunanka kuma na dama, kuma tun kafin ta rufe baki ango mai jiran gado ya riga ya gutsuri burodin matar da ke damansa.

Abin da na fi so a wajenta shi ne bata cewa haka ake yi kawai, sai ta faɗi dalili. Tarin cokulan nan ashe ba daɗaɗɗen abu bane. Da can salon Faransa suke bi, a jibge abinci duka a kan tebur lokaci ɗaya kowa ya ɗiba, sai a ƙarni na 19 zamanin Sarauniya Biktoriya salon Rasha ya shigo, inda barori ke kawo abinci ɗaya bayan ɗaya, kowane da farantinsa da wuƙarsa, kuma wanda ya iya yin haka ya nuna yana da kuɗin ɗaukar barori da sayen azurfa. Shi kansa cokali mai yatsu baƙo ne a Ingila, wani matafiyi Thomas Coryat ya gano shi a Italiya ya ba da labarinsa a 1611, ya dawo gida yana ci da shi abokansa suna masa dariya. Wato mutanen da yau za su kalle ka in ka sa hannu a abinci, kakanninsu da wuƙa da yatsun hannu suke ci. Sai labarin wuƙar kifi, wata faffaɗa mara kaifi. Ƙarfen wuƙa na da yana ɓata ɗanɗanon kifi musamman in an matsa lemun tsami, sai aka ƙero ta azurfa, amma tsofaffin gidajen sarauta da suka gaji azurfarsu tun kafin a ƙirƙiro ta sai suka ci gaba da cin kifi da cokula masu yatsu biyu suna raina masu wuƙar kifi, wai alama ce ta sabon kuɗi. Matsalar ƙarfen ma ta ƙare tunda Harry Brearley ya samo ƙarfe mara tsatsa a Sheffield a 1913, amma wuƙar na nan, rainin ma na nan.

Nafkin a kan cinya ake shimfiɗa shi da zarar an zauna, ba a cusa shi a wuyan riga, kuma baki ake ɗan dangwalawa da shi ba fuska ake gogewa ba. Burodi da hannu ake gutsura, ba a yanka shi da wuƙa, ka ɗebi bota ka ajiye gefen ƙaramin farantinka, kowace loma ka shafa mata nata, ba wai ka raba shi biyu ka lafta bota ka haɗe ba. Sup aka fara kawowa, na dankali da wani ganye ɗan uwan albasa, ya yi daɗi gaskiya. Cokalin daga gabanka zuwa waje ake tura shi, a sha ta gefensa ba a zura shi a baki ba, babu zuƙa mai ƙara, babu hurawa, in ya kusa ƙarewa kwanon ma waje ake karkata shi. Anti ta raɗa min, ke 'yar nan yi abin da aka ce, in kin je gari kin ga kowa da wutsiya ke ma nemi tsumma ki ɗaura.

Toh sai aka zo babban abinci, a nan ake yinta.

Tsarin Ingila shi ne wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, a kife yatsun na kallon ƙasa, manuniya a kan bayan kowanne, ba a riƙe wuƙa irin riƙon biro, wannan ma wai babban abin kunya ne a wajensu. Ka yanka loma ɗaya, ka tura sauran kayan da wuƙa kan bayan cokalin, ka kai baki. Da hagu. Kuma ba a sauya hannu har a gama. Hatta koren waken nan, girin fis da muke sawa a firai rais, ba a juya cokali a kwashe shi, sai dai a danne shi a bayan cokali ko a manna shi da dakakken dankali, abin dariya abin tausayi. Ni dai tun tana bayani nake kallon Anti, dan na san daga ni har ita babu mai kai loma baki da hagu. Tun muna yara in ka miƙa hagu cikin kwano sai ka ji saukar ludayi a bayan hannu, kuma ba al'ada kaɗai ba ce, hadisi ne sananne da Annabi (SAW) ya ce wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci abin da ke gabansa. Na ce Anti ya maganar wutsiya? Ta ce ƙanwata wannan wutsiyar kam ba da ni ba. Ta ɗaga hannu ta yi wa Madam bayani a nutse, cewa mu Musulmi ne da dama muke ci, ya zamu yi ranar liyafa.

Madam ta ɗan yi shiru, ka ga alamar ba a shirya wannan a cikin darasin ba, wanda shi ne ya cinye tauraro ɗayan, dan aji irin wannan a Yorkshire, ga Bradford ga Leeds a kusa cike da Musulmi, bai kamata a ce sai ɗaliba ta tayar da maganar ba. Amma amsar da ta bayar ita ce ta biya min kuɗina. Ta ce ku juya kawai, cokali mai yatsu a dama wuƙa a hagu, sauran komai ya zauna yanda yake, cokalin a kife, manuniya a baya, gwiwar hannu a matse a jiki. Ta ce bahagwai da yawa a Ingila haka suke ci kuma babu mai tarbiyyar da zai buɗe baki ya yi magana, wanda ya yi maganar shi ne mara ladabin. Sharaɗi ɗaya ta kafa, kar ka zauna ka fara sake jera cokulan tebur kana kai na dama hagu, barsu yanda aka jera, in lokacin kowanne ya zo ka ɗauka ka musanya a hannu shiru, kuma farantin burodi da kofuna suna nan inda suke dan in ka juya su ka shiga na maƙwabci.

Akwai hanya ta biyu, ta Amurkawa, ka yanka da dama ka ajiye wuƙa ka mayar da cokali dama ka ci, ka sake komawa. Da ta zo faɗin wannan sai da ta yatsine fuska, ta ce za a gane ba ɗan gida bane amma ba laifi bane. Ni na gwada duka biyun a wurin, ta farkon ta fi, ta biyun kaiwa da komowa ya yi yawa abinci har ya huce, kuma ƙarar ajiye wuƙa a faranti kowane minti ita ke jawo ido. Wahalar ta farkon ɗaya ce, yanka nama da hagu sai an saba, dan haka in katin gayyata ya ba da zaɓin abinci a ɗauki kifi ko na ganye, suna da laushi, dama kuma naman ba lallai na halal bane, an jefi tsuntsu biyu kenan.

Da muka zauna muka lissafa sai muka ga ashe rigimar ma ba ta da yawa. Sup da dama ake sha. Kayan zaƙi cokali a dama mai yatsu a hagu, amma mai yatsun turawa kawai yake, cokalin ne ke zuwa baki. Abincin da baya buƙatar wuƙa irin shinkafa ko taliya, su kansu sun yarda a riƙe mai yatsu a dama a buɗe. Burodi da sanwic da sikon, wani ɗan burodi mai laushi da ake ci da shayi, da hannu ne, wanda ka ga dama. Kofin ruwa dama a dama yake. Abin da ya rage faranti ɗaya ne ko biyu a duk liyafar. Na san 'yan uwa a nan da ke ƙin zuwa cin abincin ofis saboda wannan kaɗai, wasu kuma su je su zauna suna wasa da abinci su dawo gida su dafa indomi, wallahi da sun san haka da sun huta.

In ka ɗan dakata da ci, wuƙa da cokali a ajiye su cikin faranti kawunansu na haɗuwa ƙasansu a buɗe, weta ya san baka gama ba. In ka gama ka haɗe su wuri ɗaya a tsaye a tsakiya, inda hannun agogo ke tsayawa ƙarfe 6 da rabi, sai ya ɗauke. Wanda aka riga aka ci da shi baya sake taɓa zanen tebur, ba a ture faranti gaba, ba a tara wa weta farantai wai taimako. Ƙayar kifi a cire da yatsu a ɓoye a ajiye gefen faranti, ƙashin kaza kuwa sai dai ka kalle shi ka haƙura, tsinken sakace sai banɗaki. Gishiri sai ka ɗanɗana tukuna, kuma gefen faranti ake zuba shi ba a barbaɗe abinci ba, in ya yi maka nisa ka roƙa a miƙo kar ka zura hannu ta gaban mutum.

Ɓangaren da ya fi min wuya ba ƙarfe bane, baki ne. Mu an raine mu a kan in ana ci a yi shiru, wanda ya fiye surutu ko ya shiga yabon miya a ce santi yake a yi ta masa tsiya. A teburin Ingila shirun ne rashin ladabi, hira wajibi ce, kuma yabon mai girki dole ne. A babbar liyafa ma tsari gare ta, kashin farko ka yi da na gefe ɗaya, in an kawo na biyu ka juya ga ɗayan, dan kar a bar wani yana kallon silin. Yanayin gari, hutu, lambu, kare, waɗannan su ne abin hira, ban da albashi, ban da nawa ka sayi kaza, ban da siyasa da addini sai in an saba, ban da ina maigidan ko yara nawa. Duk wannan kuma ba a magana da abinci a baki, shi yasa lomarsu ƙanana ce, dan a iya haɗiyewa da sauri in an jefo tambaya. Ba a fara ci sai an kawo wa kowa kuma mai gayyata ya ɗauki cokalinsa, sai in shi ya ce ku fara kar ya huce.

Sai kawaici, wanda Madam bata san da shi ba mu muka ba ta labari. In Bature ya ce a ƙara maka ka ce a'a na gode, ya ɗauke kwanon kenan, babu haba dai ɗan ƙara, babu rantsuwa. In kana so ka ce eh tun farko. Haka in an gayyace ka gida ƙarfe 7 da rabi, ka isa bayan minti 10 ko 15, kar ka riga lokaci kar kuma ka yi irin namu, kar ka jawo wani ba a gayyace shi ba, ka riƙo cakulan ko fure tunda mu ba giya zamu kai ba, washegari ka aika godiya, a rubuce in da hali. Ta ce duk wanda yake son ƙarin bayani ya duba Debrett's, waɗanda tun 1769 suke harkar jera sarautun Ingila, su ne kowa ke kafa hujja da su in gardamar ladabi ta tashi.

Yanzu kicin. Tun wajen yin rajista akwai gurbin da ake rubuta abin da mutum baya ci, mun rubuta ƙarara babu alade babu giya. Kifin da aka kawo mana da wata farar miya a kai, Allah ya sa Anti bata ci sai ta tambaya, weta ya shiga ya dawo yana ba da haƙuri wai da giyar inabi aka haɗa ta, aka ɗauke, muka zauna kowa na ci muna kallo, daga baya aka kawo wani busasshe babu komai a kai sai yankin lemo. Kayan zaƙi wani haɗin kek da kasta da kirim ne da ake jiƙa shi da giya, mu aka kawo mana yankakken tuffa da inabi, kuɗi kuwa ɗaya muka biya da kowa. Wajen shayi kuma sanwic na naman alade aka jero manne da namu a faranti ɗaya. Weta ɗin yarinya ce mai kirki, ba laifinta bane, saƙon ne bai isa kicin ba. Abin lura ga kowa, doka a nan ta tilasta wa gidajen abinci bayani a kan abubuwa 14 masu tayar da borin jini, irinsu gyaɗa da riɗi da madara da ƙwai da kifi da alkama, amma alade da giya basa cikin jerin, dan haka kar ka dogara da alamomin menu, buɗe baki ka tambaya. Wuraren da suke ɓuya su ne romon da ake zubawa kan gasasshen nama, ƙullun da ake soya kifi da shi wani lokaci da giya ake dama shi, kitsen alade a ɓawon fai irin na mit fai, jelatin a kayan zaƙi, kek ɗin Kirsimeti da ake jiƙawa da barasa, da wannan baƙin abu mai zagaye na karin kumallo, jinin alade ne.

Ta yi bayanin giya ma, wanda mu sauraro kawai muka yi. In baka sha kar ka kife kofi kar ka rufe shi da tafin hannu, ka ce a'a na gode, weta zai ɗauke. A ƙarshen babbar liyafa akwai wata giya mai zaƙi ta Fotugal da ake zagayawa da ita a tulun gilas, kullum hagu ake miƙa ta, in ta zo gabanka baka sha ka tura gaba kar ta kwana a wajenka, in ta kwana wani zai tambaye ka ko ka san Bishof na Norwich, ba tambaya ba ce habaici ne wai ka miƙo. Akwai kuma ɗaga kofi ga Sarki, kowa ya miƙe tsaye a ambaci Sarki a kurɓa a zauna, ta ce da ruwa ma ya yi. Maganar zama a teburin da ake shan giya kuwa ba Madam ce za ta warware ta ba, kowa ya tambayi malaminsa. Haka tsarin zama, namiji mace namiji mace ake jerawa kuma ana raba mata da miji, wadda bata son a saka ta tsakanin maza biyu ta gaya wa mai shirya liyafar tun kafin a buga katunan, ranar ba a canja kujera.

Shayin yamma shi ya wanke musu laifi kaɗan. An ce Anna matar wani basarake, Duke na Bedford, ce ta fara shi wajen 1840, lokacin manya basa cin abincin dare sai wajen ƙarfe 8, yunwa ta dame ta da la'asar ta sa a dinga kawo mata shayi da ɗan abin taɓawa, ƙawaye suka ɗauka. Shayin kansa ya samu shiga fada ne ta hannun Catherine 'yar sarkin Fotugal da ta auri Sarkin Ingila Charles na biyu a 1662. Faranti mai hawa uku ake kawowa, a fara da sanwic, sai sikon, sai kek. Juya shayi gaba da baya ake yi ba zagaye ba, kar cokali ya bugi kofi, a cire shi a ajiye a sosa, ba a ɗaga ƙaramin yatsa, wannan na fim ne, ba a tsoma biskit. Madara bayan shayi ake zubawa dan ka ga ƙarfinsa, wai masu fara zuba madara da can kofunansu ne masu arha suna tsoron zafi ya fasa su, haka dai ta ce. Mai son shayin mai shayi mai kauri da madarar gwangwani da suga cokali huɗu, wannan ruwa-ruwa zai ji shi, gara a sani.

Sikon ɗin kuwa ya yi, da ɗuminsa aka kawo, da hannu ake ɓara shi biyu, kowane ɓari a shafa masa jam da wani kirim mai kauri da ake samu daga madarar da aka dafa a hankali aka bari ta huce, na yankin Cornwall doka ta ce kitsensa kar ya gaza kashi 55 cikin 100, dan haka mai kolestarol ya yi hattara. Mutanen yankin Devon kirim suke fara shafawa sannan jam, na Cornwall jam sannan kirim, kuma da gaske suke gardamar nan, samarin lauyoyin nan sai da suka ɗaga murya. Ni ta Cornwall na bi dan jam baya shafuwa a kan kirim. Wanda shayin kaɗai yake so ba darasi ba, ga Bettys nan a St Helen's Square, reshen gidan shayin da wani ɗan Suwizalan Frederick Belmont ya buɗe a Harrogate a 1919, na York ɗin tun 1937 yake, ya fi arha nesa ba kusa ba kuma kana zaune kana kallon yanda tsofaffin Turawa ke yi ka koya kyauta.

Ta rufe da zaman gidan abinci. Ba a tafa wa weta, ba a yi masa tsaki ko kiran kai, ido ake haɗawa a ɗan ɗaga hannu. Wurare da yawa musamman Landan suna ƙara kuɗin sabis kashi 12.5 cikin 100 a kan bil, duba kafin ka ƙara tukuici kar ka biya sau biyu, kuma tun 1 ga Oktoba 2024 doka ta ce kuɗin nan na ma'aikata ne duka mai gida ba zai taɓa ba. Duk inda ake sayar da giya dole su baka ruwan famfo kyauta in ka nema, babu kunya a ciki su ma haka suke yi. In kuma abokan aiki suka ce mu je mu ci abinci, kowa aljihunsa, ba wai wanda ya kira shi zai biya ba.

Wanda zai je ya duba lokacin sallah, a Disamba rana na faɗuwa a York tun kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk cikin ajin za su same ka kuma hutun da ake bayarwa gajere ne. Mu da muka tambaya sun buɗe mana wani ɗakin taro da babu kowa, wannan kam sun kyauta. Akwai masallaci a Bull Lane in an fita ta ƙofar Walmgate, shi ne wanda a 2013 masu zanga-zangar ƙin Musulmi suka je ƙofarsa jama'ar masallacin suka fito musu da shayi da biskit, amma ya ɗan yi nisa a je a dawo cikin hutu. Daga Leeds jirgin ƙasa bai kai rabin awa ba, gara shi da mota dan fakin a cikin ganuwa tsada. A kira su a waya kwana ɗaya kafin ranar a maimaita maganar alade da giya, kar a tsaya ga abin da aka rubuta a fom. Takardar da aka raba mana da zamu tafi shafi biyu ce, zanen tebur da jerin dokoki, ko layi ɗaya babu a kan mai ci da dama, Anti ta karɓi imel ɗin manajan ta ce sai sun ƙara.